Ɗaga Mota Don Hanyar Daji: Tsayin Da Ake Saye Da Bashin Da Ke Biyo Baya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a tsakiyar watan Agusta ya san wannan ƙarar. Manyan motoci sun bi sun haƙa kwari biyu a cikin laka, sun bar tudu a tsakiya kamar kunyar gona. Kai kuma ka jefa tayoyinka cikin kwarin, sai ka ji cikin motar ya gogi tudun, ƙarar ta ratsa ka har haƙora. In an yi sa'a ka wuce. In ba a yi ba, motar ta hau tudun ta zauna daram, tayoyi huɗu suna juyawa a banza, sai neman samarin gari da shebur da fartanya. Wanda hakan ta same shi sau biyu ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da ya sa mutane ke son ƙara wa motocinsu tsayi.

Kwanakin baya ina zaune a garejin wani dattijon makanike a Kano, mutumin da ya tsufa a aikin ƙafafun mota, sai ga wani ɗan kasuwar hatsi da Hilux ɗinsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Oga, so nake a ɗaga min ita sosai, inci huɗu ko biyar, yadda ba abin da zai sake taɓa cikinta." Dattijon bai ɗauki sifana ba. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa sifirin baya, ya ga ganyayensa sun miƙe sun rasa lanƙwasarsu, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, buhu nawa kake ɗora mata? Kuma wace hanya kake bi da ita?"

Tambayoyin nan biyu su ne zuciyar maganar. Ɗaga mota aiki ne mai amfani idan an yi shi a kan lissafi, amma kowane inci da aka ƙara yana zuwa da bashi, kuma a kwana da birki da sitiyari ake biyansa. Mai mota yana da haƙƙin ya san bashin kafin ya ci shi.

Me ke tashi, me ke zama a inda yake?

Mota irin ta daji hawa biyu ce. A sama akwai shasi da inji da bodi da mutane da kaya. A ƙasa akwai tayoyi da aksul. Abin da ke tsakaninsu shi ne sifirin da shokozoba. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma ke yanke tsayin da motar za ta tsaya. Aikin shokozoba shi ne ya kwantar da lilon sifirin bayan an faɗa rami, don taya ta ci gaba da riƙe ƙasa. Kayan ɗagawa cikakku sun ƙunshi sifirin da ya fi na asali tsayi ko ƙarfi, da shokozoba mai tsawon da ya dace da shi, da ƙananan kayan da ke mayar da sauran sassa daidai.

Idan aka saka su, hawan sama ne ke tashi. Cikin motar ya yi nesa da tudu, hancinta ya daina tunkuyar gangaren kwazazzabo, bambar baya ta daina sharar ƙasa a wajen fita daga rafi. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai a motar da aksul ɗinta sanda ɗaya ce daga taya zuwa taya, tulun nan na tsakiyar aksul yana nan a inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune. Ko inci goma aka ɗaga bodi, tulun ba ya motsawa, kuma sau da yawa shi ne ke fara cin karo da dutse ko kututture.

Taya mai girma kaɗai ke ɗaga tulun, ita ma rabin abin da aka ƙara take bayarwa. Taya mai lamba 265/65R17, wadda ake yawan gani a ƙafar Hilux, tsayinta wajen milimita 776 ne. Idan aka koma 285/70R17 tsayin ya zama wajen 831. An ƙara milimita 55 ke nan, amma tulun aksul da milimita 27 kacal zai tashi. Saboda haka babban amfanin ɗagawa a wajen masu shiga daji shi ne samar wa babbar taya wurin motsi ba tare da ta gogi bodi ba.

Ƙafa iri biyu, magani iri biyu

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk motocin daji a matsayin abu ɗaya. Land Cruiser jerin 70, wadda Toyota ta fito da ita a 1984 kuma har yau ake ƙera ta, tana da aksul sanda ɗaya gaba da baya. Daga 1999 aka mayar da gabanta sifirin mai murɗe, baya kuma aka bar shi a mai ganye. Irin wannan ƙafa tana karɓar ɗagawa da sauƙi, amma tana da nata sharuɗɗa. Idan shasi ya tashi, hannuwan da ke riƙe da aksul ɗin gaba sukan mirgina shi kaɗan, sai kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa ta ragu. Wanda ya lura da keke zai gane: fok ɗin gaba a kishingiɗe yake, shi ya sa kan keke ke miƙewa da kansa. Idan kwanciyar ta ragu a mota, sai ta riƙa yawo a kan kwalta, direba yana ta kamo ta. Haka kuma sandar da ke hana aksul zamewa gefe takan jawo shi ɓangare ɗaya, taya ɗaya ta leƙo waje, ɗaya ta shige ciki. Duka biyun suna da gyara: bushi na musamman da ke dawo da kwanciyar, da sanda mai daidaituwa.

Hilux ta zamani kuwa, tun ƙirar da ta fito a tsakanin 2004 da 2005, kowace tayar gaba da nata hannuwa biyu, sama da ƙasa, da shaf mai gaɓa da ke kai mata ƙarfi. A nan tazarar da taya ke iya hawa da sauka ƙayyadaddiya ce. Idan ka ɗaga motar da inci biyu, daga rabon saukar taya ka ciro su. Ka ɗaga da yawa, taya ta rasa wurin sauka, kowane ƙaramin rami sai ka ji ƙafar ta buga ƙarshenta. Shaf ɗin kuma zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, gaɓar ta fara ƙara a kwana. Bol-joyin na sama ma yana kaiwa maƙura, kuma ranar da ya fita daga mazauninsa taya kifewa take yi a ƙarƙashin mota. Shi ya sa a irin wannan ƙafa masana ke tsayawa a wajen inci biyu, wato milimita 50. Wanda zai haura haka sai ya canja hannuwan sama, ya kuma sassauto da tulun gaba don shaf ya samu sauƙi.

Hanyar araha da hanyar gaskiya

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, da shagunan da ke sayarwa ta intanet, hanyoyin ƙara tsayi suna da yawa. Mafi araha ita ce zoben ƙarfe ko na roba mai tauri da ake ɗorawa a saman sifirin gaba. Yana ɗaga mota, har ma tsayin da yake bayarwa a Hilux yakan kusa ninka kaurinsa, amma bai ƙara wa sifirin ƙarfin ko kilo ɗaya ba. A baya kuma wasu kan sa dogon marataya a wutsiyar sifirin, ko su cusa tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da aksul. Tubalin yana ƙara wa aksul damar murɗa sifirin duk lokacin da aka taka mai ko birki, kuma ba a yarda a sa shi a aksul ɗin gaba ko kaɗan ba. Akwai kuma ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi, wanda ke ba taya wuri amma ya bar cikin motar a inda yake.

Abin da garejinmu suka fi sabawa da shi shi ne ƙarin ganye. Wannan dabara ce mai ma'ana ga motar da kullum take cikin kaya, muddin ganyen ya dace da sauran a faɗi da lanƙwasa, kuma an canja ƙusar tsakiya. Illarsa ita ce idan motar ba kaya sai bayanta ya yi tauri, ya riƙa tsalle a kan gargada, taya tana rabuwa da ƙasa. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, ko yi masa walda. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a kan wani ma'auni na zafi, wuta tana kashe wannan dahuwar, sai ya sake kwanciya cikin 'yan watanni ko ya karye a tsakiyar daji.

Cikakkun kaya sun fi tsada, kuma ba mamaki da yawa daga cikin sanannunsu daga Ostireliya suke fitowa, ƙasar da ke da dubban kilomitoci na burji da gargada kamar namu. Kamfanin ARB, wanda Tony Brown ya kafa a Melbourne a 1975, shi ke da kayan ɗagawa masu suna Old Man Emu. Akwai Ironman 4x4 da Tough Dog a can, akwai kuma Bilstein na Jamus a fannin shokozoba. Abin koyi a tsarinsu shi ne, ga mota ɗaya suna da sifirin kala-kala: na motar da ba ta ɗaukar kaya sosai, na mai matsakaicin kaya, da na wadda kullum take ɗauke da ɗaruruwan kilo. Mai saye da nauyi yake zaɓa. Tambayar da dattijon Kano ya yi wa Alhaji ita ce dai tambayar da takardar odar waɗannan kamfanoni ke yi. A yawancin jihohin Ostireliya kuma, ɗagawar sifirin da ba ta wuce milimita 50 ba ce ake bari ba tare da takardar injiniya ba. Mutanen da suka fi kowa sanin wannan sana'a su ne suka fi kowa taka-tsantsan da ita. Mu kuma a nan sai a ƙara da lura da jabu, domin kwali mai suna ba ya tabbatar da abin da ke ciki.

Inda ake biyan bashin

Babban bashi shi ne kifewa. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, kuma injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi na auna tsayuwarta: a raba faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninki biyu na tsayin cibiyar. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fara amfani da wannan ma'auni wajen ba motoci maki a 2001. A ɗauki misali: faɗi mita 1.54, cibiya a santimita 70, sakamako 1.10. Cibiyar ta tashi zuwa 75, sakamako ya sauko wajen 1.03. A ƙara jarkoki da tayar safaya a kan kariya, ya sake faɗuwa. Duk raguwar lambar nan tana nufin gudun da motar za ta iya shan kwana da shi ya ragu.

Kada a ɗauka wannan lissafin takarda ne kawai. A 2016 mujallar motoci ta Teknikens Värld da ke ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux a gwajin kauce wa dabba ba zato, tana tafiyar wajen kilomita 60 a awa, motar ta tashi a kan tayoyi biyu. Daga baya Toyota ta gyara na'urar da ke daidaita motar. Wannan mota ce yadda ta fito daga kamfani, ba a ƙara mata ko milimita ɗaya ba. Sai a kwatanta da wadda aka ɗaga inci biyar, aka tula mata buhuna har saman kai, saniya ta faɗo mata a hanyar Gusau.

Bashi na biyu a ɓoye yake, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ke haɗa shi da aksul. Aikinsa ya ji nauyin kaya: in baya ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi sai ya rage. Da zarar an ɗaga motar ba a gyara mazaunin sandar ba, bawul ɗin zai riƙa ɗauka motar fanko ce ko da tana ɗauke da tan guda. Birkin baya ya yi sanyi, na gaba ya ɗauki wahalar shi kaɗai, tazarar tsayawa ta ƙaru. Gyaran ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, amma sau nawa ake tunawa da shi?

Sauran basussukan suna biye. Tiyon birki na roba zai iya yin gajarta, ya ɗame idan taya ta sauka cikin rami. Farfela ta ƙara karkata, ta kawo kakkarwa a wani gudu. Fitilun gaba su ɗaga kai su riƙa kashe idon masu tahowa. Babbar taya kuma tana rage wa mota ƙarfin tashi da na birki, tana ƙara shan mai, tana sa agogon gudu ƙarya: da tayoyin da na ambata a sama, in agogo ya nuna 100, motar tana wajen 107. Wani abu da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe shi ne, ɗagawa ba ta ƙara nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka. Sifirin ya ƙi kwanciya, amma shasi da aksul da boris da birki su ne dai na da. Hilux kayan wajen tan ɗaya aka yi ta domin su, har da mutanen da ke ciki, wato abin da bai kai buhu goma na masara mai kilo ɗari ba idan aka cire direba da yaransa.

Ranar aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada a ɗaga mota ana jibi za a shiga daji. Aikin da awo yake farawa: a ajiye motar a daɓe mai daidai, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen bodin da ke samanta, a rubuta. Sau da yawa a nan ake gane cewa motar ta riga ta zauna da inci ɗaya ko fiye saboda gajiyar sifirin, kuma abin da take buƙata shi ne a mayar da ita tsayinta na asali. Sannan a duba bol-joyin da tayarod da bushi da boris, domin ɗagawa tana tona asirin duk abin da ya gaji.

A tokare shasi da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Jak na ɗagawa ne, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa, ba a kuma dogara da bulon siminti. Sifirin gaba mai murɗe a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi, sai da na'urar matse shi ta ƙwarai, kuma kada yaron gareji ya sa fuskarsa a saitinsa. A karanta alamar da ke jikin kowane sifirin, domin wasu an bambanta na hagu da na dama saboda nauyin direba da tankin mai. Ƙusoshin nan masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da aksul sababbi ake sawa, tsofaffin sun riga sun miƙe.

Akwai wata ƙa'ida da na ga dattijon nan yana nanata wa yaransa. Wani yaro ya kama notin bushi zai ɗaure tamau alhali motar tana rataye, sai ya dakatar da shi: "Kai yaro, sassauta. Sai ta sauka ta tsaya da ƙafafunta." Dalili shi ne robar bushi a inda aka ɗaure ta take ɗaukar mazauninta. In an ɗaure ta motar na sama, da an sauke sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana har ta yage. A sauke mota, a girgiza ta, sannan a ɗaure da sifana mai ma'auni bisa lambar da kamfani ya bayar.

Kafin a sauke kuma, a bar aksul ya rataya iyakar saukarsa, a duba tiyon birki da wayoyi ko sun ɗame. A juya sitiyari maƙurar hagu da dama a ga ko taya na taɓa wani abu. Daga gareji sai wajen alaimen kai tsaye, a saita fitilu, a gwada birki a fili ba kowa. Bayan tafiyar wajen kilomita 500 a dawo a sake bin duk notuna, domin sabon sifirin yana ɗan zama.

Darasi daga Agadas

Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, da waɗanda suka riƙa kai mutane da kaya filayen zinariya na Jado tun daga 2014, suna cikin waɗanda suka fi kowa sanin Land Cruiser da Hilux a duniya. Motarsu tana tashi da duro na mai, da jarkokin ruwa, kowace mai lita 20 kilo 20 ce, da abinci da mutane. Damuwarsu ita ce sifirin da zai riƙe wannan nauyi ba tare da ya kwanta ba, da shokozoba da ba zai yi zafi ya saki ba bayan awoyi a kan gargada. Idan suka iso rairayi mai laushi kuwa, sauka suke yi su rage iskar taya sosai, tafinta ya baje, motar ta bi saman yashi. Da sun koma ƙasa mai tauri su mayar da iskar.

Dabarar raƙumi ce. Abin da ke ƙetarar da shi rairayi faɗin tafinsa ne, kuma kowane madugu ya san kaya gefe da gefe ake raba masa, a daidaita su, mai nauyi a ƙasa. Mota ma haka take so: duro da buhu a ƙasan bodi kusa da kan direba, abu marar nauyi a sama.

A ƙarshe Alhaji bai samu inci biyar ɗinsa ba. Da aka yi lissafin buhunan da yake ɗauka da hanyar kasuwannin da yake ci, aka sa masa sifirin baya na masu kaya, da shokozoba huɗu da suka dace, gaba ya tashi ƙasa da inci biyu, aka ƙara girman taya mataki ɗaya, aka kai ta alaimen. Dattijon ya kuma roƙe shi ya rage buhu biyu a kowane sawu. Da zai tafi ya raka shi har bakin mota ya ce, "Alhaji, yanzu ta fi da tsayi, to ka fi da haƙuri a kwana."

Ina ganin duk mai niyyar ɗaga motarsa ya kamata ya fara da zama da makaniken da zai yi masa waɗancan tambayoyi biyu. In ya amsa su da gaskiya, zai tarar inci biyu da aka yi su cikakku, da birkinsu da alaimen ɗinsu, sun ishe shi fita daga lakar Agusta. Garin neman gira kada a rasa ido: motar da ta kafe a laka ana tono ta kafin magariba, kowa ya koma gida da ƙafafunsa, kuma wannan komawar ce ya kamata a sa a gaba tun ranar da aka kwance noti na farko.